Neman rubutun jiya a bakin gulbin Rima

Bakano idan ya ji an ambaci gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan, labarin 'yan bindiga ne ke fara faɗo masa a rai. Ba kuwa a banza ba. Harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, babu kunnen da ba su shiga ba. Shi ya sa da na ce wa mutanen gida zan tafi can, wai kuma saboda faifan filofi, sai da aka zaunar da ni aka yi mini nasiha. Na kuwa karɓa: tafiya da rana, mota daga tasha, tare da ɗan gari, ba kwana a hanya.

Sana'ata gyaran kwamfuta, tun zamanin da ake sayar da filofi kwali-kwali a shagunan Titin Beirut. Wani abokina malamin makaranta, haifaffen Wurno, shi ya ja ni. Kawunsa ya daɗe yana magatakardan wata ƙungiyar manoman rani. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar na 2000, duk abin da ƙungiyar ta rubuta, sunayen masu gonaki, iyakar kowa, wanda ya karɓi taki bashi, wanda ya biya kuɗin ruwa, birnin Sakkwato yake kaiwa a buga masa a shagon kwamfuta, a ba shi takarda, a kuma ba shi faifai. Takardun tuni gara da yoyon ɗaki suka raba su. Faya-fayan kuwa suna nan cikin gwangwanin biskit. Ga shi rikicin iyaka ya taso tsakanin magada, ana neman abin da aka rubuta tun iyaye na da rai.

Kayan aikina ba su cika jaka ba: kwamfutar cinya mai Linux, ɗan akwatin karanta filofi mai jonawa ta USB, auduga, da 'yar kwalbar sinadarin goge kan na'ura.

Daga Sakkwato hanya ta bi da mu ta Achida, muna wuce buhunan albasa da tafarnuwa a bakin titi. Wurno na kan tudu ne, tana kallon fadamar Rima da shinkafarta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta ribaɗi a wajen 1830, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a garin a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abokina bai yarda mun taɓa gwangwani ba sai da muka je ziyara muka yi addu'a. Na ji daɗin hakan. Mutumin da ya rubuta Infakul Maisuri ya cancanci gaisuwa daga duk wanda ya zo garinsa neman tsohon rubutu.

Kawu ya tarbe mu a zaure, aka kawo fura. Da ya buɗe gwangwanin, warin tsohon roba da ƙura ya bugi hancina. Faya-fayan masu inci uku da rabi ne, baƙaƙe da shuɗɗa, wasu takardar goshinsu ta yi ja, biron da aka rubuta shekara da shi ya dushe. Ya ce ya taɓa aika ɗaya wa wani yaro, yaron ya samo na'ura ya saka, kwamfuta ta ce faifan ba shi da tsari, ko a yi masa fomatin? Yaron ya amsa mata da eh. Faifai ya dawo fes, babu komai a ciki.

Wannan tambayar ita ce ta kashe rubutun mutane fiye da ruwa da wuta, don haka bari in tsaya a kanta.

Faifan filofi ba ya ɗauke da rubutu kamar yadda takarda ke ɗauke da shi. A cikin wannan kwanson roba akwai wani siririn faifai mai laushi, an shafe shi da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Na'ura tana juya shi sau 300 a minti, kanta yana gogar fuskarsa. Irin wanda ya fi yawa a ƙasar nan, mai ɗaukar megabayit 1.44, fuska biyu gare shi, kowace fuska zobe 80, kowane zobe yanki 18, kowane yanki bayit 512. Ka tara ka samu yanki 2,880. Kamar gonar rani ce da aka yanka fangali-fangali: idan babu littafin da ya ce wannan fangalin na wane ne, kuma gonarsa ta ci gaba a wancan, to kana tsaye a cikin amfani amma ba ka san na kowa ba. Wannan littafin shi ne tsarin ajiyar fayil, kuma ba iri ɗaya ba ne. Kwamfutocin DOS da Windows suna rubuta filofi da tsarin FAT12. Macintosh na da nata, HFS. Masu Linux na farko sun yi amfani da Minix da ext2. Kafin kwamfuta ta nuna maka ko da suna ɗaya, sai ta fara gane da wane tsari aka rubuta faifan, sannan ta ɗora shi a kan nata jerin fayiloli, aikin da umarnin mount yake yi a Linux.

Yadda take ganewa kuwa ba duba ba ne. Kowane tsari yana barin hatiminsa a wani wuri sananne. FAT12 yana sa bayaninsa a yanki na farko: girman yanki, yawan yankuna, kwafi nawa ne na littafin rabo, sannan yankin ya rufe da lambobi biyu, 55 da AA. HFS yana sa haruffan BD a bayit na 1,024. Shi kuma ext2 hatiminsa EF53 ne, gaba kaɗan da nan. Linux tana leƙa waɗannan wuraren ɗaya bayan ɗaya har ta dace. Windows kuwa nata kawai ta sani. Idan ta duba yankin farko ba ta ga abin da take tsammani ba, ko don ya lalace, ko don wata kwamfuta ce ta rubuta shi, sai ta ɗauka faifan sabo ne, ta nemi izinin shara. A mafi yawan lokuta rubutun yana nan kwance lafiya lau a bayan wannan yanki ɗaya.

Saboda haka abin da na fara yi, kafin in kunna komai, shi ne in bi faya-fayan ɗaya-ɗaya in juya bayansu. A kusurwa akwai ɗan maɓalli mai zamewa. Idan ka tura shi da farce har rami ya buɗe, haske na wucewa, to na'ura ba za ta iya rubuta ko ɗigo a kansa ba. Jikokin Kawu suka karɓe mini wannan aikin, suna ɗaga kowane faifai sama suna leƙen ramin. Ni kuma ina jan murfin ƙarfen gefe, ina juya cibiyar da yatsa, ina duba fuskar faifan a hasken ƙofa. Wanda na ga fari-farin fumfuna a kansa sai in ware shi, domin faifai ɗaya mai datti yana iya ɓata kan na'ura, ita kuma ta karce duk wanda ya biyo baya.

Abu na biyu: ba a buɗe tsohon faifai a yi ta yawo a cikinsa. Kowane juyi gogayya ce, wani faifan karatu ɗaya ya rage masa a duniya. Sai a kwashe shi gaba ɗaya, yanki bayan yanki, a zuba a fayil guda a cikin kwamfuta, da mai amfani da marar amfani. Ina yin haka da wata manhaja kyauta mai suna ddrescue, wadda take fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta rubuta inda ta yi tuntuɓe, sai daga baya ta koma musu. Idan aiki ya yi kyau, kwafin zai fito bayit 1,474,560 cif. Daga nan faifan ya huta, a mayar da shi gwangwani. Duk wani bincike a kan kwafin ake yi.

Na saka na farko. Na'ura ta yi ƙara, tak, tak, tak, tana taka zobe bayan zobe, ba gargada. Wanda ya saba da aikin da kunne yake gane lafiyar faifai. Idan ka ji kan na'ura yana komawa baya yana gurnani a wuri ɗaya, to akwai rauni a nan. Da ta gama na tambayi kwafin da umarnin file, ya amsa cewa FAT12 ne. Na ɗora shi da sharaɗin karatu kawai, sunaye suka jeru.

"Ɗana, mi kag gani?" in ji Kawu. "Shina da rai?"

"Da ransa, Baba. Matso ka gani."

Ya gyara tabarau. Sunayen fayilolin gajeru ne, haruffa takwas da uku, irin na zamanin DOS. Wasu an buga su da WordPerfect, wasu da Word 97, lissafin taki kuma da Excel. LibreOffice ta buɗe su duka. Sai dai da jerin sunayen manoma ya fito, duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ sai ka ga wata baƙuwar alama. Wannan ba lalacewa ba ce. A wancan lokacin kwamfuta ba ta zo da haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙera salon haruffa na musamman a shekarun 1990, inda aka ari gurbin wasu alamomi aka zaunar da namu. Idan salon ba ya cikin kwamfutarka, alamar asali ce za ta fito. Gyaran ba wuya: ka gano wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, ka musanya su a faɗin takardar.

Kawu ya ɗora yatsa a kan gilashi yana bin sunaye. Kusan kowane suna sai ya ce Allah ya jiƙansa. Da ya iso kan gonar da ake rikici a kanta ya yi shiru, ya ce a buga masa wannan shafin kwafi uku, ɗaya nasa, ɗaya na mai unguwa, ɗaya na liman. Ban tambayi wa takardar ta ba gaskiya ba, ba huruminna ba ne.

A shagon da muka je buga takardar na haɗu da wani saurayi mai kaifin kai, yana aiki da hasken sola, yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Bai taɓa riƙe filofi ba sai ranar, ya dai san hotonsa a maɓallin adana rubutu. Shi ya ce akwai wani ɗan'uwansu a Goronyo da ke da irinsu, ya kuma nemi ya bi mu.

Goronyo garin ruwa ne. Madatsar da aka gina a kan Rima, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma da ita ake noman rani har ƙasa da Wurno, da ita birnin Sakkwato ke sha. Amma ruwan nan ya nuna ɗayar fuskarsa a daminar 2010, lokacin da ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki a wannan kwari. Mutumin da muka je wurinsa tsohon ma'aikacin lafiya ne, kuma jakarsa ta kwana cikin ruwan wannan shekarar. Ya shanya faya-fayan a rana, ya adana. Da a inuwa ya shanya su da ya fi, don zafi na lanƙwasa su, amma wa zai tsaya tunanin filofi ranar da gidansa ya rushe?

A nan aka sha wuya. Wasu sun manne da audugar da ke cikin kwansonsu, ba sa ko juyawa. Wasu na'ura ta yi ta gurnani a kansu, ina tsayawa ina goge mata kai. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi damuwa da shi saboda takardun aikinsa na neman fansho suna ciki, ya kwafu kusan duka, sai yankin farko da 'yan kaɗan bayansa suka ƙi. Umarnin file ya ce bai ga komai ba sai tarkace. Wannan shi ne ainihin faifan da Windows za ta ce a share.

Abin da ya cece shi shi ne filofin 1.44 na DOS duk shimfiɗarsu ɗaya ce. Yanki na farko bayanin tsari, tara na biye littafin rabo, tara na bayansu kwafin littafin na biyu, sha huɗu na gaba jerin sunayen fayiloli, mai ɗaukar suna 224, sannan rubutu ya fara. Sai na ɗauko yankin farko daga kwafin wani lafiyayyen faifai na Kawu na dasa a kan kwafin wannan. Inda littafin rabo na farko ya ɓare, na cike shi daga na biyu, wanda dama don irin wannan ranar aka yi shi. Na sake tambaya, amsa ta dawo FAT12. Saurayin nan da ke tsaye a kaina ya ce, "Oga, sake yi in gani." Na ba shi kujerar ya yi da hannunsa a kan wani kwafin, na kuma nuna masa cewa ko fayil da aka goge ba ya tafiya nan take: harafin farko na sunansa kawai ake maye da wata alama, jikinsa na nan sai an rubuta wani abu a kansa. Ba duka muka ceto ba. Kusan rabin jakar ta tafi, kuma na faɗa wa mai ita haka ba tare da kwana-kwana ba.

Rabah ba mu daɗe ba, don direba ya ce lallai mu juyo kafin la'asar. Garin Sardauna ne, a nan aka haifi Sir Ahmadu Bello a 1910, ya kuma riƙe hakimcinsa daga 1934, shi da yake tattaɓa-kunnen Bellon Wurno. Wani malami ne ya aiko a kira mu. Mahaifinsa ya bar wani ɗan littafi na fiƙihu da Larabci da ajami, shi kuma a shekarun baya ya kai wata maɗaba'a aka buga masa shi a kwamfuta da niyyar wallafawa, kuɗi suka yanke, aka sallame shi da faifai biyu. Duk inda ya kai su sai a ce babu komai a ciki. Allah ya sa bai taɓa yarda an yi musu fomatin ba.

Na farkon ya kwafu tsaf, babu rauni ko ɗaya, amma yankin farko babu hatimin DOS. Na gangara zuwa bayit na 1,024, sai ga BD. "Allah ya gafarta Malam," na ce, "faifanka lafiyarsa ƙalau. Da Macintosh aka rubuta shi." Ba abin mamaki ba ne, domin a wancan zamanin masu buga Larabci da yawa Macintosh suka fi amincewa da ita. Linux ta ɗora shi a matsayin HFS. Manhajar da aka tsara shafukan da ita ba ni da ita, amma matanin na nan a cikin fayil ɗin, kuma akwai jadawalin da ke mayar da lambobin Larabcin Macintosh zuwa na yau. Adon shafi ya tafi, kalmomin sun dawo.

Sai Malam ya shiga ciki ya fito da gafaka. Ya kwance igiyar fatar, ya ɗauko asalin rubutun mahaifinsa, a ƙarƙashinsa kuma wasu ganyayyaki da suka girme shi nesa, na kakanni. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mini tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake sarrafawa a Italiya a ƙetaro da ita Sahara. Tawadar ta yi ja-ja, amma kowane wasali na zaune daram. Wannan ganyen ba ya bukatar komai sai ido da ilimi. Faifan da bai kai rabin rabin shekarunsa ba sai da na'ura, da waya, da wuta, da manhajar da ta san tsarinsa, da wata da ta san haruffansa, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana ƙarewa a duniya. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro wannan samfurin mai inci uku da rabi, ya daina yin sa a 2011. Gwamnatin Japan, da ta daɗe a kansa, ta sallame shi daga ofisoshinta a 2024.

Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakani. Rubutun ƙarni na 19 yana da masu kula da shi: Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da gidajen malamai irin wannan. Na yau kuma yana yawo a wayoyi. Amma na shekarun nan goma sha biyar da suka fara daga wajen 1990, kundin digiri, rajistar makarantu, lissafin ƙungiyoyi, rubutun marubutan da ba su samu bugawa ba, da yawansa yana kan filofi ne a cikin gwangwanaye, a yankin da ruwa ke ci, mutane kuma ke barin gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka. Ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge a Ingila ya ware ma'aikata don irin wannan aikin, har da faya-fayan da masanin kimiyya Stephen Hawking ya bari. Cibiyoyinmu ma za su iya, kuma teburi ɗaya da mutum ɗaya da ya san hannunsa sun isa a fara. Duk abin da aka ceto kuwa a buga shi a takarda, kada a tsaya ga filashi, don ita ma tana mantuwa idan ta daɗe a ajiye.

Faifan Malam na biyu shi ne ya gagare ni. Rami ɗaya gare shi a kusurwa, ba biyu ba, alamar tsohon samfuri ne mai ƙaramin ciki. Macintosh tana rubuta irinsa da bayit dubu 800, tana sauya saurin juyi daga zobe zuwa zobe, abin da akwatin USB ba zai taɓa iya bi ba. Maganinsa wata 'yar na'ura ce mai suna Greaseweazle, wadda ake haɗawa da tsohuwar na'urar filofi ta cikin kwamfutar teburi, ta ɗauko bugun maganaɗisun kansa ba tare da ta damu da tsari ba, sai daga baya manhaja ta fassara. Na buɗe masa ramin kariya, na naɗe shi a takarda, na ce Malam ya ajiye shi nesa da rediyo da lasifika da zafin kwano har in samo kayan.

Saurayin Wurno na bar masa akwatin USB ɗin da Linux a kan filashi, bisa alkawarin ba zai saka faifan kowa ba sai ya buɗe ramin, ba kuma zai buɗe asali ba sai kwafi. Ni kuma da na koma Kano wurin 'yan jari-bola na nufa, inda ake fasa tsofaffin kwamfutocin ofis ana auna su a sikeli. Na'urorin filofin da ke cikinsu su ne Greaseweazle ke bukata, ba a kuma ƙera sababbi. Na roƙi mai wurin duk wadda ta shigo ya cire mini ita kafin guduma ta hau kanta, zan biya fiye da kuɗin kilo.